Jakar Ƙasa a Bankin Gaya

Ranar da aka buɗe jakar banki aka tarar da ƙasa a ciki, rabin manoman Tanda da na Bengu suna tsaye a bakin taga, kowa da takardar gyaɗarsa a hannu. Shekarun ƙarshe ne na mulkin Faransa, ba a gina gadar Kwara ba tukuna. Bankin Gaya kuwa ba wani abin kallo ba ne: ɗaki biyu ne na siminti kusa da biron Kumandan, wato ofishin Baturen mulki. Ana buɗe bankin da kaka lokacin sayen gyaɗa, a rufe in an gama sallamar manoma. Malam Yacuba ma'aji ya fasa jan kakin hatimi a gaban kowa kamar yadda doka ta ce, ya zura hannu, ya fito da dunƙulen tsumma. Ya sake zurawa, sai ga ƙasa na zuba ta tsakanin yatsunsa.

Kafin azahar Gaya ta gama yanke hukunci. Masu kifi suka ce direban kamyo ne, motar kayan da ta kawo kuɗin. Direbobi suka ce 'yan Dahome ne suka ƙetaro. Amma yawancin bakuna kan Sha'ibu suka sauka, matashin magatakarda mai riƙe da makulli na biyu, don bara ya yi aure, bana kuma ya sayi keke. A garin nan in matashi ya sayi keke ba a tunanin ya yi tanadi, sai a fara neman wanda ya cuta. Birgadiye Sa'idu, shugaban masu gadin Kumandan, ya yi masa tambaya har ya gaji, Sha'ibu ya sunkuyar da kai ya ƙi cewa uffan. Aka jefa shi kaso, aka ce kamyon da zai tashi gata shi zai kai shi Doso, gaban alƙalin Turawa. Wanda ya hau wannan kamyo da ankwa a hannu, ba a sa ran ganinsa sai da furfura.

*

Siddo mai bin sawu yana gyaran igiyar rijiya a ƙofar gidansa a Tanda sa'ad da wata matashiyar mata ta sauko daga kan jaki ta durƙusa nesa da shi. Bafulatani ne da ya daɗe da barin kiwo ya zauna cikin Hausawa. Tun daga Dallol har bakin iyakar Ingilishi, ɓarayin shanu sun san sunansa, shi ma ya san sun sani, don mutum ne mai ji da kansa.

"Baba Siddo, sunana Ajuma, daga Gaya nake. Maigidana suka kulle."

"Saniyar wa ya kora?"

"Ba saniya ba ce. Kuɗin banki ne, kuma bai ɗauka ba."

"Kuɗi ba su da kofato, 'yata. Me zan bi?"

"Wanda ya ɗauke su ai yana da ƙafa."

Siddo ya ajiye igiyar. Ya dube ta da kyau, ya ji wani abu ya motsa masa a ƙirji, irin wanda yake ji in ya ga sabon sawu da safe kafin rana ta busar da shi. Ya bi ɓarawo cikin fadama, ya bi cikin duwatsu, amma bai taɓa bin sawu a ɗakin siminti ba.

"Ba ki da kowa a garin da zai tsaya masa?"

"Babana ne ma'ajin, Malam Yacuba. Tare suke aiki."

"Shi me ya ce?"

"Ya ce in yi haƙuri."

Wannan maganar ta ishi mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Siddo bai tsaya ba. Hankalinsa ya riga shi zuwa Gaya, ya ɗauki sandarsa ya ce wa Ajuma ta kora jakinta.

*

Baturen banki ya iso daga Yamai da safiyar nan. Dogo ne marar yawan magana, mutane suna kiransa Mai Lofe saboda lofen tabar da ba ya barin bakinsa. Birgadiye Sa'idu, wanda ya sha yin aiki da Siddo, shi ya shigar da shi, shi ne kuma tafinta.

"Ya ce ka saurara," in ji Sa'idu. "Akwatin ƙarfen da ke ɗakin baya makulli biyu gare shi. Ɗaya na wajen Malam Yacuba, ɗaya na wajen Sha'ibu. Ɗaya ba ya buɗewa sai da ɗan'uwansa. Doka ta ce su shiga tare da safe su ɗebo na biyan ranar, su shiga tare da yamma su duba jakunkuna su rufe, kowa idonsa kan hannun ɗaya. Ya ce da wannan dabara ake tsaron kuɗi har Faris, babban birninsu."

Mai Lofe ya juya jakar ya nuna gindinta da bakin lofensa. Ba a taɓa hatimi ba, ta ƙasa aka farke ta aka mayar da ɗinki. Shi da kansa ya gano haka, kuma Siddo ya gyaɗa kai, don ya ga Baturen yana da ido.

"Wannan aikin ba na tsaye ba ne," in ji Siddo. "Sai da mutum ya zauna a inuwa da allurarsa, hankali kwance."

Ya ɗebi ƙasar da ke cikin jakar, ya murza, ya ɗora kaɗan a harshe. Idonsa ya buɗe.

"Gishiri. Sa'idu, gishiri ne a ciki. Ƙasar Foga ce wannan, kwarin da ake dafa gishiri."

Wani mutum da ya shigo da ruwan sha ya tsaya da ƙwarya a hannu. Lawali ke nan, ɗan aiken banki, tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Turawa da ɗingishi a ƙafar hagu. Ba ya rabuwa da takalminsa mai ƙusoshi da doguwar rigar sojansa mai kauri, ko da rana na dukan kwano.

"Ni dai ba na shiga maganar manya," in ji Lawali, "ɗakin ma ban san cikinsa ba, iyakata tsakar gida. Amma kamyon da ya kawo jakunkunan nan daga Doso, na Ɗan'azumi ne. Kowa kuwa ya san abin da Ɗan'azumi yake jigila daga Tunuga."

"Gishirin Foga," in ji Sa'idu.

Siddo har ya miƙe. Da ƙyar ya daure ya leƙa wajen Malam Yacuba, dattijo mai farin gemu da tabon salla, wanda ke zaune kan kujera yana jan carbi. Siddo ya miƙa masa hannu, hannun dattijon ya wuce ta gefe kafin ya lalubo nasa.

"Malam, tare kuke shiga ɗakin da yaron nan?"

"Tare."

"Kullum?"

"Kullum, kamar yadda doka ta ce."

Siddo ya leƙa ɗakin akwatin. Ƙunci ne da shi, mutum biyu sai sun goga kafaɗa. Ya ga wasu 'yan ƙarce-ƙarce a simintin gaban akwatin, Sa'idu ya ce takalman masu gadi ne da suka shigo da kaya. Siddo ya yarda ba tare da ya tsuguna ba, abin da bai taɓa yi ba a daji. Gishiri ya rufe masa ido.

*

Sun sami Ɗan'azumi a bakin kogi, inda jirgin fito ke ɗaukar motoci zuwa Malanbil. Yana ƙarƙashin kamyonsa, ƙafafu kawai ake gani.

"Fito, sarkin hanya," in ji Sa'idu.

Ya fito da baƙin mai har gira. Da ya ga Siddo sai ya yi dariya. "Af, an kawo mini mai sansanar kashin shanu. Baffa, kamyona kake so ka bi? Ka fara gudu tun yanzu."

"Gishirinka nake so in gani."

"Saye ko ɗanɗano? Ku Fulani ɗanɗanonku ya fi sayen wasu."

Siddo bai kula ba. Ya haye bayan kamyon kamar saurayi, ya kakkaɓo ƙasar da ta taru a kusurwa, ya zuba a tafin hagu. Ya kwance ƙullin ƙasar jakar banki ya zuba a na dama, ya fito da su cikin rana. Nan murnarsa ta fara sanyi. Ƙasar Foga toka-toka ce, mai laushi, gishirin ya ratsa ta ko'ina. Ta jakar kuwa jar ƙasar Gaya ce, gishirin cikinta ɓarɓashi ne, kamar wanda ya zubo daga dunƙule.

"Kuma don ku sani," in ji Ɗan'azumi, "jakunkunan nan cikin akwati mai kwaɗo suka zo, wani ƙaton mai gadi na zaune a kai tun daga Doso. Ko salla a kai ya yi ta. Birgadiye, ba yaronka ba ne?"

Sa'idu ya sosa ƙeya. "Yarona ne."

Siddo ya kai ƙasar hanci. Sai yanzu ya ji abin da ya kamata ya ji tun safe: zarnin fitsari. Ya baza ta da yatsa, ga gajerun gashi farare guda-guda.

"Turken rago ne," ya ce a hankali. "Daga gindin turke aka haƙo ta, inda ake ajiye masa gishirin lasa."

"To madalla," in ji Ɗan'azumi. "Gidan da ba rago a Gaya, sai na Kumandan. Ka fara daga gabas, kafin baɗi ka gama."

Rana ta yi sanyi, yini ya tafi a banza. Siddo ya hau gangaren kogi yana zagin kansa da Fulatanci. An nuna masa hanya da yatsa ya bi da gudu, kamar bai taɓa ganin ɓarawo ya ja reshe a bayan shanu ba.

*

Washegari da hantsi ya sa Sa'idu ya buɗe masa kaso. Sha'ibu na zaune a kan tabarma, siriri, idonsa ya faɗa.

"Ga bawana nan," in ji Sa'idu. "Bagobiri, ka ci tuwon da na aiko maka, ko sai na tauna maka?"

"Tuwon Zabarmawa ko kare sai ya yi shawara," in ji Sha'ibu, ya ɗan murmusa.

Siddo ya lura da wannan. Yaron da aka ce ba ya magana, ga shi yana mayar wa shugaban masu gadi baƙa ido cikin ido, don tsakanin Bagobiri da Bazabarme wasa ne, ba kunya. Ashe bakinsa lafiya lau.

"Ɗana, tare kuke shiga ɗakin akwati da Malam Yacuba?"

Murmushin ya ɓace. Sha'ibu ya mayar da ido ƙasa. "Abin da Baba ya faɗa, shi ne."

"Ni kai nake tambaya."

"Abin da Baba ya faɗa, shi ne."

"Gobe kamyo zai tashi da kai. Matarka ta hau jaki har Tanda saboda kai."

Sha'ibu ya juya fuska bango. Siddo ya bar fuskarsa ya koma kallon ƙafafunsa, don a ganinsa ƙafa ta fi baki gaskiya. Babban yatsan dama a karkace yake, ya rabu da sauran, irin na wanda ya taɓa karyewa. Ya riƙe wannan a ransa ya fita.

"Kai ni bayan banki," ya ce wa Sa'idu. "Ba ɗakin ba, tsakar gidan."

Ƙofar ɗakin akwati ta tsakar gida take, kuma Sa'idu ya kulle wurin tun ranar da abin ya faru. An share ko'ina tas, aikin Lawali na kullum. Amma can gefe akwai tsamiya, a gindinta randar ruwan sha, ƙasar wurin kullum a jiƙe, tsintsiya ba ta kama ta. Siddo ya zagaya ta, ya tsuguna, ya daɗe bai motsa ba. Sa'an nan ya fara dariya ƙasa-ƙasa, yana buga sandarsa a ƙasa.

"Me ka gani, Baffa?"

"Zo ka duba. Ga takalmi biyu an jera su gefe guda. Ga ƙafa ba takalmi, yatsu sun nutse, dugadugai ba su taɓa ƙasa sosai ba. Mai wannan sawu ba tsaye yake ba, ba tafiya yake ba. Tsugune yake. Kuma ba yau ɗaya ba, dubi yadda wurin ya yi gurbi. Ina ya ba baya?"

Sa'idu ya duba. "Ƙofar ɗakin."

"Dubi babban yatsan dama."

Sa'idu ya dafe baki. Siddo ya miƙe. Ya shiga ɗakin akwati, wannan karon ya kwanta rub da ciki a kan siminti, ya bi ƙarce-ƙarcen nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Tara mini su duka bayan la'asar," ya ce. "Har da Bature. Ka zo da makullan."

*

Aka taru a tsakar gidan. Mai Lofe na kan kujera, Malam Yacuba na gefensa da carbi. Ɗan'azumi ya jingina da bango yana cin goro. Lawali na tsaye kusa da ƙofa cikin rigarsa mai kauri. Aka kawo Sha'ibu, aka cire masa ankwa, aka ba shi takalmansa da makullinsa. Ajuma ta tsaya a bakin zaure, bayanta manoma sun cika hanya suna leƙe.

"Gaya wa Bature ba tambaya zan yi ba," in ji Siddo. "So nake su buɗe akwatin nan a gabanmu, yadda suke yi kowace safiya. Malam, bismilla."

Malam Yacuba ya tashi ya shiga ɗakin, hannunsa na bin bango. Sha'ibu ya bi shi, yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Ya kai bakin ƙofa, ya cije, ya sa ƙafa ɗaya ciki.

"Malam, fito da makullinka," in ji Siddo.

Dattijon ya tattare babbar rigarsa sama, ya kai hannu ƙugu, don a mazagin wandonsa yake ɗaure makullin, kamar yadda tsofaffi ke adana abin da suke tsoron ɓata. Hannunsa bai kai ga ƙullin ba Sha'ibu ya juya. Bai yi shawara da kowa ba, ƙafafunsa ne suka ɗauke shi. Ya nufi gindin tsamiya, ya tuɓe takalma ya jera, ya tsuguna ya ba ƙofa baya, ya ɗaga makullin sama ba tare da ya waiwaya ba. Yatsunsa suka zauna cikin gurbin nan daram.

A daidai lokacin Lawali ya yi taku ɗaya gaba, hannunsa ya miƙe wajen makullin. Ya farga, ya janye, ya cusa hannun cikin riga. Amma kowa ya gani.

"Karɓi mana," in ji Siddo. "Ai aikinka ne."

Mai Lofe ya tambayi Sa'idu da Faransanci me ke faruwa.

"Gaya masa," in ji Siddo. "Dokarsa mai kyau ce, amma ya ba suruki da surukinsa makulli. Yaron nan 'yar Malam yake aure. A ƙasar nan ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi. Shi ne zai shiga ɗan ɗakin nan ya goga kafaɗa da shi, ya tsaya yana kallonsa yana kwance mazagi? Tun da aka ɗaura auren nan bai taka ɗakin ba. Nan yake tsugunawa, wani ya karɓi makullin ya shigar."

Ɗan'azumi ya tofar da goro. "Wallahi ko ni ba zan shiga ba."

"Na karɓa, na shigar," in ji Lawali da ƙarfi. "Taimako na yi. A bakin ƙofa nake miƙa wa Malam, ban taɓa wucewa ba."

"Jiya ka ce ba ka san cikin ɗakin ba, yau ka san bakin ƙofa. Makulli biyu tare ake murɗa su, kowanne sai da hannu biyu, Malam hannu nawa gare shi? Sa'idu, duba simintin gaban akwati. Takalmin mai gadi ƙarce yake yi a miƙe. Waɗannan a lanƙwashe suke kamar lauje, duka ta hagu, na mai jan ƙafa in zai juya."

Siddo ya juya wajen dattijon, ya ɗaga sandarsa a gabansa. "Malam, me ke hannuna?"

Malam Yacuba ya ƙura ido, ya ƙura. "Igiya ce," ya ce. Da ya ji gunagunin mutane sai carbin ya faɗi daga hannunsa. "Yanar ido ce ta rufe mini gani tun bara. Na ɓoye don kada a sallame ni. Lawali ke murɗa makullin, shi ke miƙo mini jakunkuna in shafa hatimi."

"Da safe Lawali ya saka jaka ɗaya cikin rigar nan tasa," in ji Siddo, "da yamma ya mayar da ita kafin ka shafa. Hatimi lafiya, gindi a farke."

"Ina kuɗin?" in ji Lawali. "In na ɗauka, ina suke? Ku je ku birkice ɗakina."

"Ɗakinka ba ruwana da shi. Kana kiwon rago?"

Daga bakin zaure Ajuma ta ce, "Fari, ƙato. Duk unguwa an san shi."

*

Rabin Gaya ne ya raka su gidan Lawali. Ragon na ɗaure a bayan ɗaki, ga dunƙulen gishiri a gabansa ya lashe rabi. Ya tattake wurin da kofato har ba sawun da ya rage, kuma dabarar ke nan. Siddo ya sa aka janye shi, ya riƙa caka sandarsa a ƙasa yana zagaya turken. Nan tauri, nan tauri, nan kuma sandar ta shige kamar cikin tuwo. Ya jefar da ita ya sa hannu biyu yana tona, yana dariya, ƙasa na tashi ta bayansa. Da ya ciro kwanon soja mai murfi, ɗaure da tsumma, sai hanya ta ɗauki sowa har jakuna suka firgita. Ƙasar da Lawali ya haƙa don binne kuɗin, ita ya cika jakar da ita, don kada a ga tudun sabuwar ƙasa a gidansa.

Ankwar da aka cire wa Sha'ibu ita aka sa wa Lawali. Kamyo ya tashi Doso da safe kamar yadda aka shirya, sai dai ba da wanda gari ya zaɓa ba. Masu cewa keke, keke, ba wanda ya je ya ba yaron haƙuri. Sun koma cewa dama su tun farko rigar nan ta Lawali ba ta kwanta musu ba.

Lawali ɓarawo ne, hukuncinsa ya same shi, ba abin ƙari. Amma a faɗi gaskiya, akwai wanda ya fi shi abin kunya. Malam Yacuba ya san wanda ke shiga ɗakin da wanda ba ya shiga. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta fito da mijin 'yarsa, ya zauna yana jan carbi don kada kujera ta kuɓuce masa. Yaro ya rufa masa asiri har bakin kamyo, shi bai rufa wa yaron komai ba. Da Mai Lofe ya karɓe makullinsa, ba wanda ya roƙa masa. Ajuma ce ta kama hannunsa ta kai shi gida.

Kafin a biya manoma, Mai Lofe ya kira Siddo da Sa'idu. Ya ce daga yau za a riƙa buga hatimi a gindin jaka kamar yadda ake bugawa a baki, a kuma juya kowace jaka a duba ɗinkinta safe da yamma. Makullin farko ya ba Sha'ibu. Na biyun ne ya rasa wanda zai ba, don ya ce shi bai san wa ke jin kunyar wa a garin nan ba.

"Nemi wanda ba ya jin kunyar yaron ko kaɗan," in ji Siddo, ya nuna Sa'idu da haɓa. "Ga shi nan. Wannan ko a masallaci sai ya ce a caje aljihun Bagobiri."

"Zan caje har hularsa," in ji Sa'idu.

"Ka fara koyon murɗa makulli tukuna," in ji Sha'ibu. "Ba a buɗe shi da haƙori."

*

Ana dab da rufe banki a ƙarshen kaka, wata sabgar shanu ta kawo Siddo Gaya. Bai iya wucewa ba sai da ya leƙa bayan banki. Sawun takalman mutum biyu ne suka nufi ƙofar ɗakin kafaɗa da kafaɗa, suka shiga, suka fito. Daga ciki yana jiyo Sa'idu na cewa a ɗaga hannu sama ya gani, Sha'ibu na ce masa ya matsa da warin albasarsa. Gurbin gindin tsamiya kuwa ciyawa ta fara rufe shi.

Da zai fita gari ya bi ta ƙofar gidan Malam Yacuba. Dattijon na zaune a zaure shi kaɗai, idonsa ya ƙarasa rufewa, gefensa ga ƙwaryar fura da ƙullin goro. Siddo ya dubi ƙasar bakin zauren. Ga sawun tayar keke ya tsaya nesa, ga takalmi biyu an jera, ga yatsu sun nutse cikin rairayi, babban na dama a karkace. Sawun na safiyar ranar ne, a ƙarƙashinsa kuma akwai na jiya da na shekaranjiya.

Siddo ya ɗaga ƙafa ya tsallake shi don kada ya taka, ya kama hanyar Tanda.